Injin Batulu da Kuɗin Hanya

Ranar da aka ƙara kuɗin hanya karo na uku, Batulu ba ta ji labari ba sai da ta isa rumfar Muttaka da galan a hannu. Muttaka shi kaɗai ke sayar da fetur a Tungar Baure, cikin kwalabe da jarkoki, a bakin hanyar burjin da ta fita daga ƙauyen ta je ta haɗu da kwaltar Bakura. Ya gaishe ta, ya tambayi gida da yara da ƙarfin jiki, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi sabon farashi. Sai da ya maimaita da ƙarfi kafin ta ji, domin shekara tara da ta yi tsaye kan injin niƙa ta cinye mata rabin ji.

Ta tambaye shi ko mai ne ya sake tashi a Mafara. Ya ce mai na nan inda yake. Kwamitin hanya ne ya zauna jiya bayan la'asar, ya ƙara kason da yake karɓa a kan kowace lita, kuma shi ma ba da son ransa yake karɓa ba, in ya ƙi a tashe shi daga wurin. Ta tambayi wanda ya kawo shawarar. Muttaka ya shiga goge mazurari da gefen rigarsa kamar bai ji ba. Ta kwance abin da ke ƙulle a bakin zanenta ta miƙa, ya zuba mata iya abin da kuɗin ya kai, bai ma kai rabin galan ɗin ba.

Shugaban kwamitin hanya shi ne Alhaji Hamidu, wan mijinta marigayi Rilwanu, kuma shi ne mai gidan da take zaune a ciki da 'ya'yanta mata biyu, Hidaya da Zuhura. A da igiya ake ɗaurewa a bakin gari. Duk motar da ta ɗauko shinkafa ko albasa daga gonakin ban-ruwa, duk babur ɗin da ya ɗauko buhu, sai ya tsaya ya ba da abin da aka yanka, a tara a sayo burji a cike ramuka kafin damina. Alhaji ne ya tashi a taro ya ce igiyar nan ba ta jawo komai sai faɗa da 'yan sace-sace. Ya ce a mayar da kuɗin kan fetur, tunda mai yawan bin hanya shi ne mai yawan sayen mai, kowa ya biya daidai amfaninsa. Dattawa suka ce maganar ta yi hankali, aka kwance igiya. Ba a cika wata biyu ba, wata babbar mota ta zo ta sauke kekuna uku masu ɗaukar kaya a ƙofar gidan Alhaji. Ba su shan ko ɗigon mai. Caji ake yi musu.

Kekunan nan suna ɗaukar buhu takwas, wani lokaci goma, ga nauyin batir a cikinsu, su je Talata Mafara su dawo sau huɗu a wuni, tayoyinsu na yanka burjin da talakawa suka zuba. Sisin kwabo ba ya fita daga gare su zuwa asusun hanya. Masu babura kuwa da suka gane, sai suka koma cika tanki a Mafara kafin su dawo gida, wasu ma suka sayar da nasu suka karɓi babura masu caji a hannun Alhaji suna yi masa aiki. Waɗanda suka rage a rumfar Muttaka su ne waɗanda ba su da inda za su: mata biyar masu injin niƙa, da ƙananan manoma masu injin ban-ruwa. Duk lokacin da asusu ya yi ƙasa, kwamiti ya zauna ya ƙara a kan lita, su kuma su biya. Injin Batulu a dashe yake cikin siminti a tsakar sashenta, tun ranar da Rilwanu ya kafa shi bai matsa ko taki ɗaya ba, amma shi ke gyaran hanya.

Da ta dawo gida ta tarar da mata uku na jiranta da kwanonin gero. Ta faɗa musu sai dai ta ƙara kuɗin niƙa. Ɗaya ta ce in haka ne gara ta koma turmi, hannunta bai mutu ba tukuna, ta ɗauki kwanonta ta fita. Sauran biyun suka bari aka niƙa musu suna ƙunƙuni, suna cewa kowa ya samu dama sai ya danne na ƙasa da shi. Batulu ta ji zafin maganar, don ta san gidajensu, ta san ba su da shi.

Washegari da hantsi ta samu Alhaji a zaure yana shan shayi yana duba waya. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi gaisuwa mai tsawo kamar yadda ta saba, sannan ta ce ta zo ne kan maganar kuɗin hanya. Ta ce injinta ba ya bin hanya, abin da yake samowa shi ne tuwon marayun ƙanensa, in da hali kwamiti ya cire masu niƙa daga cikin wannan kuɗi.

Alhaji ya ajiye kofi. Ya ce doka ba ta san fuska ba. In ya cire matar ƙanensa yau, gobe gari ya ce ya yi son kai, shi kuwa mutuncinsa ya fi masa komai. Ya ce ai geron da take niƙawa ta hanyar yake shigowa, saboda haka ita ma tana cin moriyarta.

"To kekunan fa, Yaya?" in ji ta. "Su ba ta hanyar ga suke bi ba?"

"Ni na hana su shan mai? An ce kuɗi na kan fetur, kowa ya yarda, hannu aka ɗaga. Abin da bai sha fetur, mi zan biya a kanshi? Ko gwamnati ba ta kai ga yanke hukunci kan irin abubuwan ga ba, balle mu nan ƙauye."

Ta ce to ya taimaka ya ja mata waya daga solar gidan, ta nemi ƙaramin injin da ke aiki da wuta, ta rabu da fetur gaba ɗaya. Alhaji ya yi 'yar dariya, ya ce wutar da kyar take isar kekunan, kuma lissafin lantarki ba abin mata ba ne, ta je ta yi haƙuri, Allah na tare da masu haƙuri. Ya mayar da idonsa kan waya.

Farantan solar da yake magana a kai, a kan rufin ɗakunan Batulu suke. Lokacin da masu haɗawa suka zo daga Gusau sun ce nata rufin ne ya fi fuskantar rana, ba bishiyar da ta kare shi. Ba wanda ya tambaye ta. Da ta yi magana, Alhaji ya ce gida ɗaya ne, babu nawa babu naka, kuma yaran za su samu haske su yi karatu. Hasken da aka ba su kwan fitila ɗaya ne a tsakar gida. Masu aikin suka huda kwanon a wuri goma sha wani abu, suka taka shi ya lotsa, suka tafi.

Ruwan farko na damina ya sauka da rana tsaka, Batulu na wajen Muttaka. Kafin ta dawo ruwa ya bi hudojin ya sauka kan buhun dawar da wata mata ta kawo don bikin suna, ya jiƙa katifar yaran, ya jiƙa littattafan Hidaya. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kallon ruwa na ɗiga daga sama. Dole ta sayar da tunkiyarta ɗaya tilo ta biya mai dawa. Da ta kai kuka wajen Baraka, matar Alhaji, Baraka ta ce kowane rufi na yoyo da damina, nata ma yana yi, kuma kada ta manta Alhaji ne ya bar su zaune a gidan bayan rasuwa, wani da tuni ya sallame ta ta koma Maradun wajen danginta. Batulu ta ce ɗakunan nan gadon 'ya'yanta ne, ba alfarma aka yi musu ba. Baraka ta ce ita dai ta faɗa mata gaskiya, baki ba ya kai mace ko'ina.

Alhaji ya yi alkawarin turo kafinta. Kafinta bai zo ba. Batulu ta jera robobi da tukwane a ƙarƙashin hudojin, duk ranar da hadari ya haɗo su tattare kaya su koma lungu ɗaya.

Masu kawo niƙa suka yi ta raguwa. Wata rana injin ba ya tashi sai sau biyu. Hidaya, wadda ke aji uku a ƙaramar sakandare a Dakko, ta fara fashin makaranta saboda babu kuɗin babur, in ta taka da ƙafa kuma ta isa an kusa tashi. Tuwon dare ya koma kunu. Zuhura ƙarama ta daina tambayar miya da nama, abin da ya fi komai ci wa uwar rai ke nan.

Cikin wannan hali wata maƙwabciya ta ba ta shawara, ta ce mijinta na zuwa Bakura kowace Laraba, ta ba shi jarka ya sayo mata mai a can inda babu kuɗin hanya. Sau biyu aka yi haka, Batulu ta ɗan numfasa, har ta rage wa mata kuɗin niƙa. A karo na uku 'yan kwamiti suka tare mutumin a bakin gari suka ƙwace jarkar. Ashe an riga an yi doka cewa duk man da ya shigo gari cikin jarka sai ya biya. Aka kawo jarkar ƙofar gidan Alhaji aka dire, mutane suka taru suna kallo.

Alhaji ya shigo har sashenta, abin da bai yi ba tun kwanan zaman makoki. Ya ce ta kunyata shi a idon gari. Shi yana can yana wahala don jama'a su samu hanya, a cikin gidansa kuma ake zagon ƙasa. Ya kira abin da ta yi sata, ya ce haƙƙin jama'a ta ci, kuma haƙƙin jama'a ba ya barin mutum ko a kabari. Batulu na tsaye jikin injinta, hannunta duk gari, tana kallon bakinsa don ta tsinci kalmomin. A bayansa, ta ƙofar sashen, tana hango kekuna uku jere a inuwa, kowanne da wayarsa da ta sauko daga rufinta. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga Hidaya na girgiza mata kai da hawaye a ido, sai ta haɗiye. Man bai dawo ba. An ce an sayar an sa a asusu.

Bayan sati uku Alhaji ya dawo daga Kano da ƙaramar mota fara, ita ma ta caji. Gari ya fito kallo. Yara na shafa ta, manya na sa albarka, ana cewa Alhaji ya kawo ci gaba, ƙauyensu ya riga wasu birane. Aka ƙara farantai huɗu a rufin Batulu. A wannan karon ko sallama masu aikin ba su yi ba, sai jin takunsu ta yi a sama, ƙura na zubo mata cikin garin mutane.

Zuwa tsakiyar Agusta hanya ta lalace yadda ba a taɓa gani ba. Inda tayoyin kekunan suka saba bi ya zama kwata biyu masu zurfi, ruwa ya bi su ya zaizaye gefen kwalbati. Asusu kuwa babu abin kirki a ciki, don ba a iya gyara hanyar kilomita bakwai da kuɗin mata biyar da 'yan manoma. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa kowane gida ko ya ba da kuɗin tifa ɗaya na burji a haɗa, ko ya fitar da mutum ɗaya aikin gayya na kwana biyar. Mai unguwa ya bi gida gida yana sanarwa. Da ya zo gidan Alhaji, ya faɗa wa Alhaji nasa, sannan ya ratso sashen Batulu ya faɗa mata nata.

Ta ce ai gidansu ɗaya da Alhaji. Mai unguwa ya ce a takardar da aka ba shi gida biyu aka rubuta, tunda tukunyarta dabam, sana'arta dabam.

Ranar da ta je wajen Alhaji ba ta durƙusa a bakin zaure ba. Ta tsaya a tsaye.

"Yaya, ranar da za a huda rufina ka ce gida ɗaya ne. Yau da za a ɗauki burji mun zama gida biyu?"

Alhaji ya ce ba shi ya rubuta takarda ba, sakatare ne, shi kuma ba ya tsoma baki a aikin sakatare. Ya ce in ba ta da kuɗi ta tura Hidaya, ai ta girma. Batulu ta ce ba za ta tura budurwa cikin maza ta yi dakon ƙasa ba. Ya ce to wannan kuma ruwanta, shi ya riga ya biya nasa.

Haka Batulu ta kulle injinta ta fita aikin hanya. Su huɗu ne mata a wurin, duk zawarawa da tsofaffi, sauran maza ne. Aikinsu shi ne su cika kwanon sarki da burji daga inda tifa ta juye, su ɗauka a ka su kai ramuka, maza su baje su daddaɓe. Kwana na farko wuyanta ya riƙe. Kwana na biyu tafin ƙafarta ya tsage. Kekunan Alhaji ba su fasa aiki ba, in sun iso sai masu gayya su matsa gefe su ba su hanya, su bi ta kan sabon burjin da ba a gama daddaɓewa ba, su bar sawu biyu a kai. Maza na kallon juna, ba mai cewa komai, don rabinsu Alhaji ke sayen shinkafarsu.

A kwana na uku, wajen azahar, Batulu ta ɗauko kwano cike tana hawowa daga gefen kwalbati. Ɗan Asabe, ɗaya daga cikin direbobin Alhaji, ya taho daga bayanta da buhunan albasa, yana sauri ya riski kasuwar Mafara. Keken ba shi da ƙara. Ya ce ya danna hon, waɗanda ke wurin suka ce sun ji, ita dai ba ta ji ba. Ya kauce wa rami, ƙarfen gefen keken ya kwashe ta. Ta faɗi cikin kwatar, kwanon ya kife, tayar baya ta bi ta kan cinyarta.

A cikin farar motar aka kai ta asibiti a Talata Mafara. Wannan ce shigarta ta farko cikin motar. Likita ya ce ƙashin cinya ya karye gida biyu, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Alhaji ya ji abin da aikin zai ci, ya ce ƙarfe a jikin mutum ba alheri ba ne, akwai wani mai ɗori a wajen Ruwan Gizo da ko 'yan birni na zuwa wurinsa. Aka dawo da ita gida, mai ɗori ya zo ya ja ƙafar tana ihu har muryarta ta dushe, ya ɗaure da karare. Duk wanda ya zo dubiya, Alhaji na zaure yana faɗa masa cewa ƙaddara ce, kuma matar ba ta ji, ya sha faɗa mata ta daina fita hanya. Mutane na cewa Allah ya saka masa, ba kowane wan miji ke ɗaukar nauyin ɗori ba.

Batulu na kwance tana jin wasu daga cikin maganganun ta bakin Hidaya. Ba ta iya juyawa, ba ta iya tashi, ruwa na ɗiga cikin roba kusa da kanta. Hidaya ta bar makaranta gaba ɗaya ta kama injin. Abin da ke cin Batulu ba zafin ƙafar ba ne kawai. Ta kwana ta tashi tana juya abin a ranta, tana neman inda ta yi laifi, ba ta samu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya shigo da mai unguwa da liman da dattawan kwamiti uku. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin. Bayan doguwar gaisuwa da addu'a, Alhaji ya gyara murya ya ce kwamiti ya duba halin da take ciki, ya yafe mata kwana biyun da suka rage na aikin gayya, ba za a nemi komai a hannunta ba. Dattawa suka ce madalla, wannan shi ne zumunci.

Batulu ta sa Hidaya ta tallafo ta ta jingina da bango. Ta gyara lulluɓinta. Ta ce ta gode da dubiya, amma tana da tambaya ga liman, tunda shi ne malami.

"Malam, injina bai taɓa taka hanyar ga ba, shekara biyu yana biya. Keken da ya karya ni kullum yana kanta, bai taɓa ba da ko kwabo ba. Wutar da yake sha daga saman ɗakin marayu take fitowa. Ku faɗa mini, a wane littafi wannan yake adalci?"

Liman ya dubi tabarma, ya ce lallai magana ce abin dubawa, amma yanzu lokacin jinya ne, ta ji da lafiyarta tukuna. Mai unguwa ya ce zafin ciwo na sa mutum faɗin abin da bai yi niyya ba. Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce shi ya yafe mata, ya san ba ita ke magana ba. Aka shafa fatiha aka fita.

Ta yi wata uku a kwance. Da aka kwance ɗorin, ƙafar ta haɗe a karkace, ta fi ɗayar gajarta, sai da sanda take takawa. Ƙanenta Mahmud ya zo daga Maradun ya ce ta tattara yaran su koma gida. Ta ce in ta fita yau, gobe ɗakunan nan sun zama wurin ajiye batir, 'ya'yanta su tashi ba su da ko bango. Ta ce in yana son taimakonta, ya kai ta gaban alƙali a Bakura. Mahmud ya yi ta ba ta baki, ya ce ƙarar wan miji ba ƙaramin abu ba ne, gari zai juya mata baya. Ta ce garin da ya tsaya yana kallo tana dakon ƙasa, wane baya ya rage da zai juya.

A bayan babur ɗin Mahmud ta je, sandarta a kan cinya. Zama uku aka yi. Alƙali ya saurari kowa, ya tura aka dubo ɗakunan, ya yanke cewa rufin na marayu ne, Alhaji ya sauke farantansa cikin sati biyu ya canja kwanon da aka huda. Maganar kuɗin hanya kuwa ya ce yarjejeniya ce ta mutanen gari, su suka ƙulla, su za su kwance, ta mayar da kukanta gaban taronsu.

Alhaji ya sauke farantan, ya kafa musu rumfar ƙarfe a filin bayan gida. Ya canja kwanon da wani tsoho da aka ciro daga garken awaki. Ya cire kwan fitilar tsakar gida, ya sa aka gina katanga tsakanin sashensa da nata, aka huda mata wata 'yar ƙofa ta lungu. Baraka ta daina amsa gaisuwarta. A gidajen biki ana nuna ta da baki, ana cewa ga wadda ta kai wan mijinta kotu bayan ya yi mata jinya. Wasu matan da ke tsoron ɓacin ran Alhaji suka ɗauke niƙansu suka kai wani wuri.

Ta aika wa taron gari kukanta ta bakin Muttaka, don mace ba ta zama a taron. Muttaka ya tashi ya faɗa, ya ce a dawo da karɓa a kan kaya, ko a yanka wa kowane abin hawa nasa gwargwadon nauyinsa da yawan zirga-zirgarsa, mai fetur da mai caji duka. Wasu 'yan manoma daga baya suka ce haka ne. Alhaji ya ce shawara ce mai kyau, amma tana bukatar nazari, a bari sai bayan girbi. Bayan girbi aka ce sai bayan azumi. Bayan azumi aka ce asusu ya yi ƙasa sosai, ba lokacin canja tsari ba ne, aka ƙara a kan lita karo na huɗu.

Yau kekunan Alhaji bakwai ne. Cikin injinan niƙa biyar na Tungar Baure uku sun mutu, masu su sun koma surfe a gidajen mutane. Na Batulu na nan yana tashi in an samu mai. Tana zaune a kan kujera kusa da shi da ƙafarta miƙe, Hidaya na zuba hatsi, ita tana tara gari. Ba ta yi nadamar zuwa kotu ba, ba ta kuma yafe ba, in aka ce ta yafe sai ta ce a fara daina cutar tukuna.

A watan jiya aka sake zaɓen shugaban kwamitin hanya. Aka taru a ƙofar mai unguwa, aka kira sunan Alhaji Hamidu, aka ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Ba hannun da ya tashi. Masu kekuna da masu babura da masu sayar wa Alhaji shinkafa ne zaune a kan tabarmin. Matan da ke biyan kuɗin suna cikin gidajensu, ba a kira su ba.